Wa Ya Nome Furannin Dodo?

Warin man zafi ne ya tona asirin. Babu wanda ya lura da shi a gidan sai Shiru, domin ita ta san a kan tebur ta bar kwamfutar hannunta tana caji da za ta tafi lacca da safe. Da ta dawo bayan azahar kuwa, sai ta tarar da ita a kan kujera, ga shatin babban yatsa mai maiƙo a tsakiyar gilashin. Mutum ɗaya ne ke shafa man zafi a gidan nan.

Shiru ake ce mata saboda ko a aji sai malami ya sa ta maimaita kafin a ji me ta ce. A gaban kakanta kaɗai bakinta ke buɗewa. Shi kuwa shekara hamsin ya yi yana noma kafin gwiwa ta ci amanarsa, babanta ya ɗauko shi ya ajiye a bene hawa na uku, inda yake wuni bakin taga yana kallon rufin gidajen mutane.

Wata biyar ke nan Shiru tana gina gona a cikin wani wasa na zamanin takubba da sulke. Ga gidan sarauta na dutse can kan tudu, ga mayaƙa na wucewa, ga kuma dodo mai fukafukai da ke sauka a ƙarshen kowace shekarar wasan. In aka ba shi guda goma sha biyu na wani fure da ake kira furen wata, sai ya wuce lafiya. Duk furen da ya rasa, sai ya ƙone fili guda. Filayen gonar Shiru goma sha biyu ne cif, kuma yau dodon zai sauka.

Ta buɗe wasan. Inda furanninta suke an nome shi tas, an ja kunya a miƙe kamar da zare aka gwada. Sai a lokacin ta tuna da waken da ta ga ya tsiro a filin can na ƙarshe tun makon jiya, wanda ta ɗauka kyauta ce daga masu wasan.

Ta ɗauki kwamfutar ta nufi taga.

"Sannu da gadin taga, Tsoho."

"Yawwa, manomiyar gilashi. An dawo daga karatun da ba ya cika tumbi?"

"An dawo. Ya gwiwar?"

"Ta fi gonarki lafiya."

"Au, ka san halin da gonata take ciki ke nan?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Abin da ko tsutsa ba ta zama a ciki shi ne gona? Ƙasar da ba ta shiga farce? Ke dai kawai ki ce kina shafa gilashi kina kiran kanki manomiya."

"To wa ya shafa min nawa da man zafi?"

Kaka ya juya ya dubi titi kamar an kira shi daga ƙasa.

"Ƙila dodon naki ne ke ciwon baya."

"Tsoho, furannina goma sha biyu. Kwana talatin na wasan ina ba su ruwa. Wani ya shiga ya nome su."

"Furanni? Wannan ciyawar mai shuɗin kai da ta cinye fili mafi kyau a bakin rafi?"

"Ya aka yi ka san a bakin rafi take?"

"Kowace ciyawar banza bakin rafi take samu. Ko wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya san wannan. Au, na manta, ke ce wadda ba ta taɓa riƙewa ba."

"Da fartanyar zinariya nake noma."

"Shi ya sa! Zinariya a cikin ƙasa! Duk garin nan naku babu mai hankali ko ɗaya. Na ga wani ƙato ya sa rigar ƙarfe tun daga kai har ƙafa, ya bi ta tsakiyar shukar mutane da doki, ko sannu bai ce ba. Da a gonata ne, da wannan tukunyar da ya kifa a kai zan kama shi."

"Jarumin sarauniya ne."

"Jarumin tattake masara dai. Ita kuma sarauniyar, tana zaune a kan tudu ta tara katti ɗari da takubba, amma ƙadangare guda ya gagare su, sai talaka ne zai noma masa fure ya shaƙa. Kuma a ce masara ta nuna a kwana huɗu! Ni da na shekara hamsin ina jiran ta wata uku, ashe wauta nake yi."

"Mutumin da bai taɓa wasan ba ya san duk wannan."

"Ta bayan kafaɗarki nake hange, don in san irin asarar da aka yi a kuɗin makaranta."

"To tunda hange kake yi, sai ka gyara zama. Yanzu dodo zai sauka, ba fure ko ɗaya. Fili goma sha biyu zai ƙone. Rumbuna, rijiyata, wata biyar ɗina, duka."

Ta kau da kai ta dubi gilashin. Kaka ya saki labulen da yake riƙe da shi.

"Duka?"

"Duka."

"Saboda ciyawa?"

"Saboda wani tsoho mai kan kwakwa da ba ya iya ganin ganye bai tuge ba."

"Kan kwakwa ya fi kan da aka cika da takarda." Ya murza gwiwa. "Shi wanda ya yi noman, ko wane ne, in dai manomin ƙwarai ne, ba zai zubar da ciyawa ba. Ba a zubar da ciyawa alhali ga dabbobi a ɗaure."

Shiru ta dube shi, ta dubi gilashin. Yatsanta ya ruga zuwa garken awaki. Ga furannin nan kuwa a cikin kwamin abincin dabbobi, an jera su da kyau, shuɗin kansu na ƙyalli. Ta ƙirga sau biyu.

"Goma sha ɗaya."

"Sake ƙirgawa. Ku 'yan jami'a ba ku iya lissafi sai da na'ura."

"Goma sha ɗaya ne. Bunsurun ya cinye ɗaya. Ga shi can bakinsa shuɗi."

"To ai magana ta ƙare. A ba dodon fure goma sha ɗaya da bunsuru guda. Na goma sha biyun yana ciki, ya buɗe ya ɗauka."

"Wasan ya yarda a ba da dabba a madadin fure. Amma ka tabbata?"

"Me ake da shi? Dube shi fa. Gemu kamar tsohuwar tsintsiya, ƙafa a karkace, ba ya aikin komai sai ci da leƙen waje."

"Shi ya sa na sa masa sunanka."

Ta danna kan bunsurun, sunan ya fito a samansa da manyan baƙaƙe: KAKA. Tsohon ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe yana kallo.

"Ke yanzu duk dabbobin garin nan, ga doki, ga shaho, ga wannan farin mai ƙaho ɗaya a goshi, ba ki ga wanda ya dace da ni ba sai wannan?"

"Na so in sa wa dokin. Sai na ga shi yana iya hawa tudu."

"Marar kunya. Jikar wa ce ke?"

"Ta bunsuru mana. In miƙa shi?"

Sararin samaniyar wasan ya yi ja. Wata inuwa mai fukafukai ta ratsa saman gidan sarautar, mayaƙan sulken nan suka watse kowa ya nemi rami, kaka ya ja tsaki mai tsawo. Dodon ya sauka a bakin rafi yana huci, rubutu ya fito yana tambaya: dabba za a ba shi, ko fili zai ƙone?

"In miƙa shi, Tsoho?"

"Dakata! Ba a miƙa takwarana ga ƙadangare ina raye."

"To wane fili? Masarata ta kusa nuna. Ba zan ba da ita ba."

"Ba shi na ƙarshen can."

"Na waken? Ai ban san mai shi ba. Ba na ƙone kayan mutane ba da izininsu ba."

"Na ce ki ba shi."

"Sai mai waken ya yi magana."

Dodon ya buɗe baki, wuta ta fara taruwa a maƙogwaronsa. Kaka ya daki hannun kujera.

"Wakena ne! Ni na shuka, ni na nome ciyawar, ni na ba awaki! Danna, 'yar banza, kafin ya cinye mana rumbu!"

Ta danna. Wuta ta lashe filin waken ƙurmus, dodon ya kwashe furanninsa ya tashi. Fili goma sha ɗaya suka tsira, bunsurun yana tsaye yana tuƙa abinsa kamar ba a yi komai ba.

Shiru ta saci kallon kakanta. Idonsa na kan baƙin filin, leɓensa na motsi, kamar mai ƙirga kunyoyin da ya ja. Kwana bakwai yana lallaɓa waken nan a ɓoye. Tun da aka hawo da shi benen ba ta ji ya ce wani abu nasa ne ba sai yau.

"Mana, ka ce?" ta tambaya a hankali. "Rumbun har ya zama namu?"

Sai ya fashe da dariya, har da tari.

"Kin ci, manomiyar gilashi, kin ci. Amma ki sani ƙadangaren nan ya fi ki sanin noma. Toka ya bar min. Duk abin da aka shuka a wurin nan bana sai ya fi masararki."

"To ga filin nan na bar maka, da na kusa da shi. Amma in ka sake taɓa min fure, bunsurun zan ba sarauniya ta yi liyafa."

"Fili biyu! Ni da na noma abin da doki ke gajiya kafin ya zagaye. Allah wadaran rowa. Miƙo nan."

Ta miƙa masa kwamfutar. Har ya kai hannu sai ya tsaya, ya dubi babban yatsansa. Ya dafa bango ya miƙe, ya ja ƙafa zuwa bakin famfo, ya wanke hannunsa da sabulu sau biyu, ya goge a jikin rigarsa, sannan ya dawo ya karɓa.