Yadda Za Ka Miƙa Dangin Matarka Ga Baƙo Ta Waifan Tasha

Idan ka gaji da ganin girmanka da ake yi a gidan surukai, ga hanyar da ba ta taɓa ba da kunya ba. Ba ta son jari, ilimi ma cikas yake kawo mata. Da idona na ga aikinta a kan mijin yayata, wanda muke kira Injiniya ko da yake sito yake tsaro a wani kamfanin fenti. Tun motar da yake jira ba ta bar tasha ba magana ta ƙare.

1. Ka zama masanin gida

Ka fara da ƙaramin abu. Shi Injiniya wayar mahaifiyarmu, Inna, ce ta daskare, ya kashe ta ya sake kunnawa, ta tashi. Daga ranar duk wanda ya sayi waya gidansa yake nufa, ya buɗe masa imel, ya buɗe masa shafin zumunta. In ya zo gaisuwa, kujerar ƙarƙashin fanka tasa ce.

2. Ka sa wa kowa kalmar sirri ɗaya

Tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Injiniya lambar tsohon babur ɗinsa ya sa wa kansa da dangi duka, ya kuma ɗaure asusun kowa da imel ɗinsa, don wanda ya manta ya kira shi. Da wayoyin suka nemi a kunna tsarin da ake turo wa mutum lamba kafin ya shiga, ya ce wannan raina dattawa ne, wanda ya faɗi ko shi wane ne sau ɗaya bai kamata a sake titsiye shi ba.

3. Ka nemi wurin jira

Tasha ta fi, inda benci ke jingine da bulo, soket ɗaya kuma jama'a sun kewaye shi kamar masu jin ɗumi. Akwai data a wayarka, amma kada ka taɓa ta. Data ta ranar wahala ce.

4. Kada ka tambayi kowa

Za ka ga waifai biyu masu sunan tashar. Ɗaya da hoton kwaɗo a gefe, ɗayan a buɗe, har an rubuta masa kyauta. Mai sayar da tikiti yana gabanka, ya san wanne ne nasu. Ka ƙyale shi. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a ce yana zama Injiniya ba.

Na kyautar na wani bawan Allah ne mai kwamfuta a cinya, wanda ya raɗa masa sunan tashar don irinka. Mutumin kirki ne, shi ne ma ya matsa wa Injiniya wuri a benci.

5. Ka amsa duk abin da aka tambaye ka

Shafi zai buɗe ya nemi imel ɗinka da kalmar sirrinsa kafin a ba ka hanya. Ka ba shi. Wanda ya shayar da kai ba ka ɓoye masa suna. Idan wayar ta yi ja ta ce hanyar ba amintacciya ba ce, ka danna ci gaba, waya ba ta fi ka shekaru ba.

Ranar, Yaya tana gefen Injiniya da jaka a cinya. Ta ce ita dai ta ji ana cewa irin wannan wuri ba a shiga imel ko banki sai da data, ko a sa abin nan da ake kira VPN mai lulluɓe abin da mutum yake yi.

"Ke da kika ji da ni da nake gyarawa, wa ya fi sani?" in ji Injiniya.

Ta gyara mayafinta, ta mai da ido kan motar da ake lodi.

6. Ka bar sauran aikin ga mai kwamfuta

Shi ba malalaci ba ne. Daga imel ɗin Injiniya ya bi dangi gida gida, ya sauya makullai. Shafin Inna, wadda ba ta taɓa sa komai ba sai addu'ar safiya, ya koma tallan maganin ƙara damtse, da hotunan ƙarti ba riga. Kawu, tsohon shugaban makaranta, ya shiga aika wa tsofaffin ɗalibansa furanni yana neman hotunansu. Ni nawa shafin maganin sanƙo ya kama sayarwa. Nawa aka fi gaskatawa, don an san kaina.

7. Ka halarci taron gida

Inna ta tara mu a falo. Injiniya ya tashi ya yi bayani mai tsawo a kan wasu ƙwararrun ɓarayi na ƙasashen waje da ko gwamnatoci ba su iya da su ba. Har Kawu ya fara gyaɗa kai. Sai Inna ta tambayi Yaya abin da ta gani, Yaya kuwa ta faɗa, har da bencin.

Inna ta kalli wayarta a tafin hannu.

"Ni ban san waifai ba," ta ce. "Amma ban taɓa jin wanda aka ba ajiyar makullan gida ya miƙa wa baƙo don ya matsa masa a benci ba."

Ta ce kowa ya je ya ƙwato abinsa, ya sa kalmarsa shi kaɗai, ya kunna lambar nan da ake turowa, kuma kada wanda ya gaya wa mijin Yaya. Haka ta kira shi, mijin Yaya. Kowa ya ji, ba wanda ya gyara mata.

Jan kunne

Ba ruwan marubuci da abin da ya same ka. Idan ka saɓa wa shawarata, ka tambayi sunan waifan, ka hana wayarka afka wa duk wanda ta gani a buɗe, ka ƙona datarka, har mutuncinka ya ƙi zubewa, laifinka ne. Idan kuma ka bi ta sau da ƙafa ta yi maka aiki, kada ka kawo mini kuka. Ka kai wa mijin Yaya, yanzu yana da lokaci. Ana gayyatarsa duk wani taro har gobe, shi ke ɗauko kujeru.