Motar Shata a Ƙofar Gidan su Balki

Ranar da zan tahi Zurmi zance wurin Balki, abokina yac ce in ari mashin ɗinshi. Nic ce Allah shi kiyaye, ni da nig gaya mata ina da mota? Na je tashar Ƙaura na ɗauki shatar mota wuni guda, har da direbanta Iro. Na ja mashi kunne: "Yau motar tawa ce, kuma Alhaji za ka riƙa ce mani."

Da munka isa ya buɗe mani ƙofa kamar gwamna. Balki ta hito tana ƙamshi, ta dubi motar ta yi murmushi. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin murmushin nan.

Ina tsakiyar tsara ta sai ga wata tsohuwa da akuya: "Iro, akwai wuri?" Hali zanen dutse! Sai nij ji yana ta kwakwa: "Ƙaura! Ƙaura! Saura mutum ɗaya!"

Balki tac ce, "Alhaji, hanzarta kada a cike maka motarka."

Wani tela ta aura. Ni kau shekara bakwai ke nan, ko sahun masallaci na shiga sai wani ya raɗa mani: "Saura mutum ɗaya."