Yadda Ake Sayen Ayabar Ban Haƙuri Ba Tare da Kasuwa Ta Gane Ba

Ka yabi miyar maƙwabta a gaban matarka, ta daina yi maka magana. Kana so ku shirya ba tare da duk garin Makarfi ya ji ba. Bi matakan nan, sakamako tabbas ne.

1. San wanda za ka ji tsoro

Yahuza ne, mai ayaba na bakin tasha. Daga abin da mutum ya ɗauka yake gane halin da gidansa ke ciki. Guda ɗaya tal, gwauro ne. Mai laushi tuɓus, akwai tsohuwa a gida. Magidanci kuwa ya zo da rana tsaka yana gumi, ya nemi nunanniya, bai ko taya ba?

"Alhaji, me ka yi mata kuma?"

Da ƙarfi yake tambaya.

2. Sayi ɗanya

Koriya shar. Mai sayen ɗanya, gidansa lafiya yake, ba ya gaggawa. Ka taya, ka yi kamar za ka tafi. Idan ya tambayi iyali, ka ce "lafiya lau" sau ɗaya. Maimaitawa shaida ce a kanka.

3. Nunar da ita a ɓoye

Saka ta a buhu tare da nunannen tumatir, ka ɗaure, ka tura bayan buhunan masara a ɗakin ajiya. Kada ka riƙa latsa ta kowace safiya. Bincike ya tabbatar ayaba ba ta san kana cikin matsala ba.

4. Jure

A kwanakin nan za a riƙa dangwarar maka da tuwo, babu ko "ga shi". Ci. Kada ka ce komai game da miya.

5. Miƙa

Ranar da ka ƙiyasta ta nuna, buɗe buhun. Mai yiwuwa ka tarar da rabi, domin ayaba na da ƙamshi, kuma ba kai ke share ɗakin ba. Kai mata sauran, ka ce, "Maman Hafiza, ga wannan."

Za ta duba, ta ce, "Ai ni da yara mun ɗanɗana, ta yi zaƙi. To, Baban Hafiza, ayaba dai ta yi nata. Kai fa?"

Sanarwa: A nan jagoran ya tsaya. Abin da zai fito daga bakinka, da abin da zai biyo baya idan ka tsaya kana sosa ƙeya, babu hannunmu a ciki. Mu a kan ayaba muka ƙware.