Tekun Bahari da Masu Goyon Jaka

A duk unguwar Bahari ta Iskandariyya, daga bakin ruwa har inda jirgin cikin gari yake juyawa, babu hannun da ya kai na Mu'allim Ashur buɗewa. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma yana faɗa kullum don kada a manta. Shagonsa na soya hanta yana manne da nawa na guga, don haka shekara ashirin da biyu ke nan ina shaƙar hayaƙinsa, ina sauraron labarin alherinsa ta cikin bango. Mu a layi Teku muke kiransa. Shi ya ɗauka don yalwar kyauta ne. Mu kuwa don ruwa ne har ido ba ya ganin ƙarshensa, amma babu wanda ya taɓa kurɓar cokali guda.

Ga yadda kyautar take tafiya. Ka ci burodi biyu da hanta, ka sa hannu a aljihu, sai Teku ya ɗaga ludayi sama, ya buɗe murya yadda za a ji har ƙarshen layi: "Bar shi, ɗan'uwa. Shagon nan naka ne, ni gadi kawai nake yi." Kai kuma da yake a gidan mutunci aka haife ka, sai ka ce a'a, Mu'allim. Ya ce bar shi. Ka ce ba zai yiwu ba. A na uku ya kau da kai kamar ka zage shi, hannun hagu kuwa tuni ya buɗe aljihun tebur. Kowa a garin nan yana yin haka. Direban tasi yana yi, ni ma ina yi in na goge wa mutum riga. Sai dai mu a ƙasa-ƙasa muke faɗa mu karɓi kuɗinmu. Shi Teku ya mai da abin huɗuba.

A bazarar da nake ba ku labari, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar layinmu ya ajiye kujera saboda tsufa. Kujerar ba ta da albashi, amma mai ita ake sawa a gaba ranar ɗaurin aure da ranar jana'iza, kuma shi ke shiga ofishin gunduma a ba shi shayi. Teku ya ce ba ya so, mutane ne suka matsa masa. Mun nemi mutanen ba mu same su ba. Abokin takararsa Alhaji Bayyumi ne, mai kifi, mutumin da zai yini bai ce kalma goma ba. Aka sa zaɓe ranar Juma'a ta biyu, bayan salla, a shagon shayi. Teku bai da wata hujja sai guda: wanda ya fi kowa hannu shi ya cancanci kujera.

Ana nan sai ga na farkon masu goyon jaka. Dogo, siriri, gemu launin ɓawon albasa, ya goyo jaka da ta fi shi faɗi, takalmi ɗaya na rataye a jikinta. Masu goyon jaka ba baƙi ba ne a wurinmu, akwai gidan kwana mai arha a hawa na huɗu bayan masallaci, inda ake jera su takwas a ɗaki. Mun san halinsu. Za su taka daga tashar jirgin ƙasa har tsohuwar ganuwar bakin teku cikin rana don kada su biya fam biyar na mota. Suna cika gorarsu daga tulunan da ake ajiye wa masu wucewa sadaka. Kafin su ɗanɗana abu sai sun tambayi farashi sau biyu, sun rubuta a waya.

Amma Teku ya ga farar fata, ya ga kuma Alhaji Bayyumi na kallo daga nesa. Ya cika wa Dogo burodi uku, ya ƙara barkono da lemon tsami da hannunsa. Da Dogo ya zaro kuɗi, Teku ya ɗaga ludayi, ya haɗa da 'yar Turancin da ya tsinta a tashar jiragen ruwa, ya ce babu kuɗi, baƙo ba ya biya a shagon Ashur.

Dogo ya dube shi. Ya dafa ƙirji, ya sunkuya, ya mayar da kuɗinsa cikin wata 'yar jaka da ke ƙarƙashin rigarsa, ya ja zif. Na ji ƙarar zif ɗin nan daga shagona. Ya ɗauki Teku hoto, ya gyara goyo, ya tafi.

Hannun hagun Mu'allim ya daɗe a kan aljihun tebur, kamar an manta shi a wurin.

Na leƙo na ce, "Mu'allim, ashe dai da gaske kake yi duk shekarun nan. Ka yafe mana, mu ne ba mu gane ba."

Ya juya ga layi ya ce, "Ku shaida. Mutumin nan zai koma ƙasarsu ya faɗa wa manyansu cewa a Bahari akwai namiji. Ni ba hanta nake sayarwa ba, sunan Masar nake ɗagawa."

Dogo kuwa ya faɗa, amma ba wa manya ba. Masu goyon jaka suna da wani wuri a waya inda suke gaya wa juna gadon da ba kuɗin cizo da abincin da ba tsada. Dakta Mirfat, mai kantin magani a gabanmu, ita ta iya karanta harsunansu, ita ta nuna mana. Ga hoton Teku da ludayi a sama, ga taswira har ƙofar shago.

Washegari uku suka zo. Bayan kwana biyu bakwai, har da wasu 'yan mata biyu da suka zo da robar zuba na dare. Kowa ya ci, ya zaro kuɗi don cika al'ada, ya tsaya yana jiran ludayi ya tashi.

Kada ku ce Mu'allim bai yi dabara ba. Da fari ya gwada yin shiru. To amma ni a lokacin zafi ya dame ni a cikin shago, na fito da teburin guga waje, daidai kusa da shi. Da na ga ya miƙa hannu zai karɓa, sai in ce, "Mu'allim, yau murya ta dushe ne? In kawo maka zuma daga wajen Dakta?" Sai ya dubi ƙarshen layi, ya ga hular Alhaji Bayyumi, ludayi ya tashi da kansa. Ya gwada faɗa a hankali cikin Larabci mai wuya, ashe sun haddace kalmomin daga waya, tun kafin ya rufe baki sun dafa ƙirji. Ya rage hanta ya ƙara barkono har sai da ni da ke gefe na yi atishawa a kan rigar wani lauya. Suka ci suna hawaye, suka rubuta cewa wannan ne girkin asali. Ya rufe shago yini guda ya ce ƙanwar matarsa ba lafiya. Suka zauna a bakin ƙofa kan jakunkunansu, suna yi mata fatan sauƙi.

Duk da haka a shagon shayi bakinsa bai mutu ba. "Ƙasashe goma sha ɗaya suka ci a hannuna cikin mako," in ji shi. "A tambayi wani mai kifi ko ya taɓa ciyar da ƙauye ɗaya." Alhaji Bayyumi ya hura shayinsa ya sha.

Abin da ya karya bayan Teku ba baƙi ba ne, 'yan gida ne. Masu dakon tashar ruwa sun yi kwana takwas suna kallon wanda ya zo da jirgin sama yana ci kyauta, su da suka zo da ƙafa suna biya. Ranar Laraba babbansu ya ci huɗu, Teku ya ce bar shi, mutumin ya ce Allah ya ƙara arziki, Mu'allim, ya goge baki ya tafi. Kafin la'asar duk layi ya koyi dafa ƙirji. Ni ma, don kada a ce maƙwabci ya raina alherin maƙwabcinsa, na daure na ci biyu.

Ranar Juma'ar zaɓe, mutane na fitowa daga masallaci suna taruwa a gaban shagon shayi, sai ga wani sabon mai goyo, gajere mai tabarau. Ya ci biyar. Ya nemi a naɗe masa uku na hanya, don zai hau jirgin Aswan a kujera mai arha. Teku ya dubi taron masu zaɓe, ya ce bar shi da muryar mai zazzaɓi. Gajere ya dafa ƙirji, ya juya, sannan ya dawo ya nuna kwalbar lemo a cikin ƙanƙara, yana tambaya da ido ko ita ma tana ciki.

Ban taɓa sanin Mu'allim yana iya gudu ba. Gajere ya riga ya kai wurin tsayawar jirgin cikin gari da kwalbarsa, Teku ya tattare riga har gwiwa, ya ratsa ta tsakiyar masu zaɓe, silifa ɗaya ta tsaya a gaban liman. Ya cafki igiyar jakar ta baya.

"Kuɗina," ya ce. "Takwas da lemo. Uban wa ya ce maka hanta daga sama take faɗowa?"

Gajere bai ji Larabcin ba, amma ya gane tafin hannu. Ya biya nan take, yana murmushi, har yana ba da haƙuri. Wani ɗalibi ya fassara mana abin da ya ce: ai da an tambaye su da tuni suna biya, don ko da kuɗin ma babu abinci mai arhar wannan a garin.

Mu'allim ya dawo yana haki, kuɗi a dunƙule a hannu, mutum arba'in na kallonsa. Ya ce ya bi yaron ne don ya koya masa tarbiyya, amfanin kansa. Aka zo zaɓe, aka ɗaga hannu. Alhaji Bayyumi ya ci kujera bai ce uffan ba. Teku ya samu hannu biyu, nasa da nawa, don ni ba na cin hantar mutum in juya masa baya.

Daga ranar ludayi bai sake tashi ba. Ya kafa allo da farashi, a biya kafin a ci, barkono ma sai ka roƙa. Masu goyon jaka ba su daina zuwa ba, suna biya salin-alin. Bayan wata guda Dakta Mirfat ta kira ni ta nuna mini sabon rubutu a waya, a ƙarƙashin hoton Teku, ta karanta mini: hanta mai daɗi, ga arha, amma mai shagon shi ne mutum mafi rowa da muka gani daga nan har Aswan.

Teku ya hango mu muna dariya, ya tsallako ya tambaya me suka ce. Dakta ta shige bayan kanta tana neman wani magani. Ni kuwa ban yi makaranta mai nisa ba, na gaya masa iya abin da na riƙe: sun ce daga nan har Aswan ba su ga irinsa ba.

Ya sa aka buga masa rubutun a takarda mai sheƙi, ya saya masa firam mai ruwan zinariya. Yana nan rataye a saman kaskon suya, kuma duk baƙon da ya shigo, Mu'allim da kansa yake nuna masa da ludayi.