Bitamin ɗin Masu Girma da Cikin Naziru

Jama'a, yau na saka sabuwar hulata na tafi fili kallon ɗan ƙanwata Naziru. Tsere ake yi, wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilce mu a Kaduna. Tun bara yaron nan yake gudu daga Tsohon Birnin Gwari zuwa gari saboda wannan rana. To, na dawo gida riƙe da takalmansa. Bari ku ji.

Da hantsi Masu Girma na Kwamitin Tausaya wa 'Yan Wasa, Allah ya ƙara wa tumbinsu albarka, suka iso da kwalin ƙwayoyin bitamin. Wani mai farar riga ya yi bayani, wai idan mutum ya cika gudu, iskar da yake zuƙa takan sa jikinsa ya yi tsatsa ta ciki, kamar bokitin da aka manta a damina, bitamin kuma shi ke tare tsatsar. Ni da boko gaisuwa kawai muka yi, amma na gane. Ya ce ƙwaya ɗaya a rana ta isa, mai cin zogale da gwaiba ma bai faye buƙata ba, yawanta kuma ba alheri ba ne. A nan aka karɓe masa lasifika.

Sai hoto. Kun san hannun Mai Girma ba ya miƙuwa sai mai hoto ya shirya. Naziru ne zakara, shi aka jawo gaba. Babban Mai Girma ya jefa masa biyu a baki, aka yi tafi. Mai hoto ya ce, "Ranka ya daɗe, ka rufe ido, a sake." Aka sake. Mataimaki ya zo, mataimakin mataimaki ya zo, kowa da nasa hoton da ƙwayoyin da zai jefa masa, har mai riƙe wa Oga, wato Babban Mai Girma, jaka. Yaron da ƙanwata Furera ta yi wa tarbiyya kuwa ba ya kawar da baki daga hannun babba. Ko koko bai sha ba.

Maƙwabcina Nababa ɗan acaba ya zungure ni. "Malam Bakoji, wannan yaro har jikokinsa ba za su yi tsatsa ba."

Na ce, "Rufa mana baki, ilimi ake yi."

Jawabai suka kai mu bayan azahar, sannan aka busa usur. Wallahi Naziru ya ba su rata. Ina ihu, Nababa yana ihu. Saura kaɗan ya kai, sai na ga ya dafe ciki, ya saki layi, ya nufi daji da wani irin gudu da ban taɓa gani ba. Dajin nan da mu manya muke leƙawa da addu'a, shi ko sallama bai yi ba. A bakin dajin na tsinci takalmansa.

Wani ɗan ƙauyen Tabanni ne ya ci. Shi an hana shi shiga hoto saboda rigarsa ta yage.

Babban Mai Girma bai karaya ba. Ya karɓi lasifika ya ce duk mun shaida yadda maganin ya ninka wa yaro gudu. Muka tafa, ai gaskiya ya faɗa.

Yanzu Naziru yana kwance, buta a gefe, Furera tana dama masa ruwan gishiri da sukari tana yi wa kwamiti addu'ar da ba zan rubuta ba. Ya ɗago ya ce, "Kawu, shi ke nan ba zan je Kaduna ba?"

Na ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Hotonka yana cikin motar Oga, gobe war haka ya isa Kaduna."