Ranar da Na Wanke Manoman Jamus

Ko zan manta da komai na zamana a Landan, ba zan manta da wani katako ba. Lokacin kuɗin fetur ne, ina kuku a gidan wani babban ma'aikacin gwamnatinmu a unguwar Catford. Yallaɓai tun yana yaro ya gudu daga gonar ubansa, amma da ya ga Turawan ofis suna sayen zane-zanen ratayawa a bango, sai ya je unguwar Aldwych ya sayo manoma.

Katako ne baƙi ƙirin, wani Bajamushe ya sassaƙa shi tun kafin yaƙin duniya: mutane ramammu sun duƙa suna girbi, hannuwa kamar cebur, idanu zuru-zuru. Wai tawada ake shafa masa a buga a takarda. Ni dai damuwa kawai ya ƙara mini. Kullum sai na rufe shi da tawul kafin in ta da salla (har na taɓa sake azahar don ƙafar wani manomi ta leƙo).

Wata Asabar Yallaɓai ya ce 'yar mai sassaƙar, tsohuwar da ta sayar masa, za ta zo cin abinci. "In na ga ƙura a gidan nan, jirgin Kano za ka bi."

Na goge ko'ina. Sai na tsaya gaban katakon. A garinmu wa ke barin allo da tsohuwar tawada? Na kai shi baho, na sa ruwan zafi da sabulu da soson tukunya. Na dirje har hancin wani manomi ya bi ruwa. Na jingina shi a hitar ɗumama ɗaki, ya bushe, ya ɗan lanƙwashe kamar busasshen kifi. Na mayar da shi bango.

Yallaɓai ya dawo, ya duba, ya kira matarsa. "Madalla! Yanzu ya fito. Hajiya, zo ki ga aiki. Ashe har Turawa ba su iya tsafta ba."

Na ji kaina ya kumbura.

Tsohuwar ta shigo, ta sa tabarau, ta nufi bango. Sai ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa. Tawadar nan, in ji ta, ita ce ta ƙarshe da mahaifinta ya shafa da hannunsa.

"Wane jahili ne ya yi wannan?" Yallaɓai ya daka tsawa, yana waige-waige kamar mu goma ne a gidan.

Ina tsaye da tiren shinkafa. Na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata a tasha.

Bayan baƙuwar ta tafi ba ta ci ko loma ba, ya ce in haɗa kayana. Hajiya tana kwashe kwanuka, ba ta ko ɗago ba: "To, Alhaji, ka kori wanda ya wanke. Wanda ya ce madalla fa, shi ma ya haɗa nasa?"

Haka na tsira da aikina. Tun daga ranar, a ƙasar Turawa ko datti na gani sai na tambaya tukuna, don wani dattin ya fi mai wanke shi daraja.