Rasuwar Mai Haƙuri, Kwamfutar Auta, a Hannuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai a sunkuye, ni tsohon dillalin rediyo da talabijin nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Mai Haƙuri, kwamfutar tafi-da-gidanka ta 'yata Auta, mai zanen gidaje. Ta rasu a kan teburin cin abinci, a gabana, kuma ba zan ɓoye ba, da hannuna a ciki.

Marigayiyar ba ta da kwaɗayi. Tun da Auta ta sa mata Linux, manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, ba ta taɓa neman a saya mata komai ba. Da safe ta ce "tirin" sau ɗaya ta kama aiki. In aiki ya yi nauyi ta yi "fuuu" ta gefe, kamar dattijuwa ta hau bene. Iyakar ƙorafinta ke nan.

Ciwon ajalinta daga idona ya faro. Likita ya daɗe da ba ni tabarau, na jefa a aljihun tebur, don ban yarda na tsufa ba. Auta ta bar mini ita in kalli hotunan jikoki, sai na ga rubutun kamar tururuwa. Na shiga wurin saita girman allo na zaɓi lamba mafi ƙanƙanta. Rubutu ya yi ɓaro-ɓaro yadda nake so, amma komai ya kumbura, har maɓallin komawa baya ya faɗa ƙasan allo, inda hannu ba ya kaiwa.

Maƙwabcina mai kemis ya karanto mini magani daga wayarsa, wasu kalmomi da ake bugawa a wata baƙar taga da ke buɗewa a allon. Na buga yadda idona ya ba ni. Muka kashe ta muka kunna, sai duhu, da ɗan layi fari yana ƙifta mini ido. Mai kemis ya tuna ya bar shago a buɗe.

Jama'a, a zamaninmu in talabijin ta yi gardama, mari ɗaya a ƙeya take warwarewa. Da wannan marin na ciyar da gida har na aurar. Na ba Mai Haƙuri irinsa. Ta ce "ƙas". Baƙi ya malalo a fuskarta kamar an kifar da tawada.

Gajere mai gyara ya duba gawar ya ce kafin marin suma ce kawai ta yi, da an danna maɓalli uku an goge layi ɗaya da ta farfaɗo. Wato ciwon bai kashe ta ba, mai jinya ne.

Marigayiyar ta bar caja mai ɗaurin salatif, da linzami, wato maus, da jaka mai ɓataccen zif. Ta kuma bar zanen wani ƙaramin asibiti, babban aikin Auta na farko, wanda masu aikin ke jiran gani ranar Litinin. Yarinyar nan ta zo ta tarar da gawar. Ta gaishe ni, ta kawo shayi, ta ajiye tabarau a gefen kofin. Gara ma ta yi faɗa.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a shagon Gajere, inda za a ciro ƙwaƙwalwar marigayiya, wadda ya rantse tana nan lafiya da zanen a ciki, a dasa wa wata ta aro mai ƙaramin allo. Ranar Litinin kuma talabijin ɗina ta falo, wadda ko matata ba ta goge wa ƙura sai da izini, za ta bi Auta wurin masu aiki, su ga zanen a babban allo. Ni zan rungumo ta har ƙofa, in zauna a waje, hannuwana cikin aljihu.

Masu zuwa ta'aziyya kada su wuce ni. Ni ne mai tabarau.